Mu Koyi Gyara: Fitilar ABS da Sensar Ƙafar Mota

A wannan wata za mu fita tsakar gida, mu je mu tsuguna a gindin motar Ekklisiya, wato a-kori-kurar nan da take kwaso hatsin godiya, take kai matan zumunta taro, take kuma kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Kada uwargida ta ce wannan zancen maza ne ta buɗe shafi na gaba. Ke da 'ya'yanki kuna cikin masu shiga motar nan, da baikonki kuma ake gyara ta.

Abin da ya same mu

A daminar bara wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direban motarmu, da baƙaƙe uku a jikinta, ABS. Ta ƙi mutuwa. Muka tambayi direba, ya ce, "Malam, ba kome, ai birki yana ci sarai." Wani dattijo ya ce, "In tana damun idonsa, ku manna mata baƙin tef mana." Mu da aka ɗora wa lura da motar ba mu manna tef ba, amma ba mu yi kome ba har wata biyu.

Ran wata Lahadi da yamma muna komowa daga wata majami'ar ƙauye, mun sauke buhunan da muka kai, bayan motar fayau, an kuwa ɗauke ruwa ke nan. Sai ga shanu sun hau kwalta, wani yaro yana biye da su. Direba ya taka birki iyakar ƙarfinsa. Ƙafafun baya suka cije, gindin motar ya kewayo, kafin mu ce me, muna fuskantar inda muka fito, taya guda tana bakin kwalbati. Ubangiji ya tsare, ba wanda ya yi ko ƙwarzane, yaron ma da shanunsa suka wuce lafiya.

Tsoro ya sa muka yi kuskure na biyu. Washegari muka ruga shagon kayan mota. Mai shago bai ko ga motar ba, ya ce ai sensar gaba ce ta kan mutu. Muka biya kuɗi masu yawa daga asusun Ekklisiya, aka ɗaura, fitila tana nan daram. Sai da muka kai wa wani mai wayarin mota mai haƙuri, ya jona na'urarsa, ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya nuna mana wayar ƙafar baya ta hagu. Maƙalinta ya karye, ta daɗe tana gogar ƙarfe har ta tsinke. Abin da ya karɓa bai kai rubu'in abin da muka zubar a shago ba. Sauri ya haifi nawa.

Kurakuranmu biyu ke nan. Da fari mun ƙi jin gargaɗi, daga baya muka sayi magani ba mu san ciwon ba. Domin kada ku bi sawunmu muke rubuta abin da muka koya.

Aikin sensa

In aka taka birki da ƙarfi a kan santsi, taya ta kan daina juyawa ta shiga zamewa. Tayar da take zamewa kuwa ba ta jin sitiyari. In ta gaba ce, ko ina ka murɗa, mota za ta miƙe inda ta nufa. In ta baya ce, gindin mota ya kewayo kamar yadda ya faru da mu. Iyayenmu da suka tuƙa Fijo 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sun san dabarar: a taka, a saki, a taka, a saki. ABS wannan dabara ce aka danƙa wa na'ura. A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fitar da irinta mai aiki da lantarki a ƙafafu huɗu. A 1987 kamfanin Ford ya sa ta a ƙafafun baya na a-kori-kurarsa a Amurka. An fara da baya ne domin irin wannan mota in ba kaya ba ta da nauyi a baya, ƙafafun nan ne su kan riga cijewa.

To, ta ƙaƙa na'ura za ta san taya ta cije? Nan ne aikin sensa. Wani ɗan abu ne da bai fi yatsa ba, an ɗaure shi da noti guda kusa da cibiyar ƙafa, bakinsa yana duban wani zobe mai haƙora da yake juyawa tare da taya. Wasu zobba haƙoransu 44, wasu 48, kowace mota da nata. Duk haƙorin da ya wuce, sensa ta aika wa kwamfutar birki labari ta waya. Kwamfuta tana gwada gudun ƙafafun da juna. In ta ga ɗaya tana shirin tsayawa alhali sauran suna gudu, sai ta sassauta mata birki ta sake matsewa, fiye da sau goma cikin daƙiƙa guda. Shi ya sa feda ta kan yi rawa a ƙarƙashin ƙafar direba, a ji gurnani. Wannan ba ɓaci ba ne. Kada ya ɗaga ƙafa, ya ci gaba da takawa, ya kauce da sitiyari. Sai dai mu sani, a kan tsakuwa ko rairayi ABS ta kan ƙara tazarar tsayawa. Amfaninta shi ne mota ta ci gaba da jin sitiyari, ba ta ba kowa izinin gudu ba.

Yawancin motocin yanzu, kamar Hilux, kowace ƙafa da tata sensa. Tsofaffin a-kori-kura na Amurka kuwa da dama sensa guda gare su a baya, a kan kumburin nan na tsakiyar aksul.

In kwamfuta ta daina samun labari daga ƙafa ɗaya, ko labarin ya zama shirme, sai ta janye hannunta ta kunna fitila. Birki na kullum yana nan, direbanmu bai yi ƙarya ba. Abin da ya tafi shi ne taimakon ranar hatsari, ba a kuwa sanin ya tafi sai ranar ta zo.

Sensa iri biyu ce

Wajibi ne mu san wannan, domin ba a gwada su ta hanya ɗaya. Ta dā maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Ba a ba ta wuta, ita take haifar da 'yar wutarta in haƙora suna wucewa. In mota tana tafiya a hankali, wutar ta kan yi rauni ƙwarai. Ta zamani kuwa kwamfuta ce take ba ta wuta, akwai ɗan ƙwaƙwalwar lantarki a cikinta, tana iya karanta gudu har mota ta kusa tsayawa cik. A motoci da yawa masu irin wannan ba za ka ga haƙora ba sam. Zoben maganaɗisu ne aka haɗa a jikin robar da ta rufe boris. Dukansu biyu suna iya zuwa da waya biyu, saboda haka ƙirga waya ba zai gaya maka ko wace iri ce ba. A duba littafin motar, ko a tambayi wanda ya san samfurin.

Alamun ciwo

Babbar alama ita ce fitilar ABS da ta ƙi mutuwa, ko mai kamawa tana ɗaukewa in an shiga gargada. Sau da yawa fitilar hana santsi, mai hoton mota da sawu a karkace, ta kan kama tare da ita, gama daga sensa ɗaya suke samun labari. A wasu motoci allurar maleji ta kan faɗi ko ta yi ta tsalle, giya mai canja kanta kuma ta rikice.

Akwai wata alama mai ruɗi, wadda ta kan zo ba tare da fitila ba. Mota tana gab da tsayawa a busasshiyar hanya, sai feda ta yi rawa, motar ta ɗan ƙara gaba. Dalili shi ne sensa ta yi nesa da zobenta, labari ya ɓace da an rage gudu, kwamfuta ta zaci taya ta cije, ta saki birki. A 2005 kamfanin General Motors ya kira dubban ɗaruruwan a-kori-kura da manyan motocinsa samfurin 1999 zuwa 2002 saboda wannan, a jihohin Amurka da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Tsatsa ce ta taru a ƙarƙashin sensar gaba ta ɗaga ta. Gyaran da aka yi wa yawancinsu shi ne a cire sensa, a kankare mazauninta, a shafa maganin tsatsa, a mayar. Wannan ya shafe mu, gama motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Ikko, da dama daga irin waɗannan wurare suka fito, da tsatsarsu.

Gargaɗi guda: in jar fitilar birki ta kama tare da ta ABS, alhali an sauke birkin hannu, a tsaya. A duba man birki. Kada a ɗauki mutane sai makanike ya gani.

Yadda za a bincika

Mu fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Na fari, a duba batir da fis. Batir mai rauni ko kan batir mai sako-sako ya kan sa fitilar nan ta kama. A buɗe akwatin fis a duba na ABS.

Na biyu, a duba tayoyi. In an sa wata ƙarama cikin manya, ƙaramar za ta fi sauran juyawa, kwamfuta ta ga lissafi bai daidaita ba. Lambar da take jikin tayoyin huɗu ta zama ɗaya, iska kuma daidai.

Na uku, a kai wa mai na'urar karanta ciwon mota, wadda makanikai suke kira sikana. A tabbata tasa tana karanta birki, gama ƙanana masu araha da yawa inji kaɗai suke gani. Za ta ba da lamba. A motocin Toyota da dama, C0200 ƙafar gaba ta dama ce, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu. A na General Motors, C0035 gaba ta hagu ce, C0040 gaba ta dama, C0045 baya ta hagu, C0050 baya ta dama. Hagu da dama kuwa na wanda yake zaune a cikin mota ne yana duban gaba. A rubuta lambar a takarda kafin a goge ta. Ku riƙe wannan da kyau: lambar tana nuna unguwar da ɓarnar take, ba ta nuna gidan. Tana iya zama sensa, ko waya, ko soket, ko zobe, ko boris.

Na huɗu, a roƙi mai sikana ya zauna kusa da direba, a ja motar a hankali, ya duba gudun ƙafafun huɗu a lokaci guda. In uku suna nuna kilomita 20, ɗaya tana nuna sifiri ko tana tsalle, to, an gane ƙafar.

Na biyar, a bi wayar ƙafar nan da ido da hannu, daga sensa har inda ta shiga jikin mota. A nemi inda ta goge, ko inda kututture ko dutse ya fizge ta, ko inda ɓera ya ci. Motar da take kwana da masara a baya ba ta rasa baƙin ɓeraye. A cire soket a leƙa. In akwai ruwa, ko laka, ko kore-koren tsatsa, a wanke a busar. Wayar gaba tana lanƙwasa duk sa'ad da aka murɗa sitiyari, saboda haka ta kan karye daga ciki, robarta kuwa lafiya lau a ido.

Na shida, a ɗaga ƙafar a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, ko tana kuka in an juya ta, boris ya ci. Boris mai wasa yana sa zobe ya riƙa matsowa yana nisa, wani lokaci har ya goge bakin sensa. In ba a canja shi ba, sabuwar sensa ma za ta bi tsohuwar. In kuwa fitilar ta kama ne daga ranar da aka canja boris, a yi zargin an juya shi. Gefen da yake da maganaɗisu shi ne zai dubi sensa.

Na bakwai, a zare sensa a duba bakinta. Da yake maganaɗisu ce, ta kan tara garin ƙarfe da laka har ta toshe. A share da tsumma. A haska ramin da tocila, wani yana juya ƙafar a hankali, a ga ko akwai haƙorin da ya karye ko zoben ya tsage.

Na takwas, a gwada da mita. In irin ta dā ce, a cire soket a auna tsakanin wayoyinta biyu. Yawancinsu su kan nuna wajen om 1,000 zuwa 2,500, amma kowace mota da nata. Dabara mai sauƙi ita ce a auna ta ɗaya gefen a gwada, gama 'yan tagwaye ne. A riƙa motsa wayar ana auno. In lamba tana ɓacewa tana dawowa, waya ta karye a ciki. Irin ta zamani kuwa ba a yanke mata hukunci da awon om. Abin da ake dubawa shi ne ko wuta tana isowa soket, da abin da sikana ta nuna. Wannan a bar wa mai wayarin.

Sai an bi waɗannan duka, an ga waya lafiya, zobe lafiya, boris lafiya, sa'an nan a ce sensa ta mutu.

Yadda za a canja

A je saye da lambar shasi da tsohuwar sensar a hannu. Ta hagu da ta dama sau da yawa ba ɗaya ba ne, haka ta gaba da ta baya. A karɓi rasit, a kuma yi magana tun da wuri ko za a karɓa in ba ta yi ba. Jabu sun yi yawa a kasuwa, arha kuwa ba ta ado.

A ajiye mota a wuri mai tauri da ya daidaita, a ja birkin hannu, a sa waigi. A kashe mota, a cire kan batir na baƙar waya. A sassauta notunan taya, a ɗaga da jak, a tokare da matokarin ƙarfe. Muna roƙonku, kada kowa ya sa kai ko hannu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, kada kuma a tokare da bulo, gama ya kan fashe ba sallama. A kori yara daga wurin.

A cire taya, a raba soket, a fitar da wayar daga maƙalanta, ana lura da hanyar da ta bi. Mai waya a hannu ya ɗauki hoto tukuna. Notin sensa ƙarami ne, sau da yawa sifana lamba 10 ce take kama shi. In ya yi tsatsa, a fesa man sassauta tsatsa a ba shi lokaci. A share kewayen sosai kafin a zare, domin kada ƙasa ta faɗa cikin boris. A riƙa murɗa sensar hagu da dama a hankali har ta fito. Jikinta roba ne, in aka ɓanɓare ta da sukundireba da ƙarfi sai ta karye a cikin rami, aikin rabin sa'a ya zama na yini.

A toshe ramin da tsumma mai tsabta, a goge mazaunin da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, sa'an nan a zare tsumman. A sa sabuwar da hannu har ta zauna daidai, ba da guduma ba. A ɗaure notin a hankali, gama siriri ne. A mai da waya ta hanyarta ta dā, kowane maƙali a wurinsa, wanda ya karye a sake shi. A murɗa sitiyari iyaka hagu, iyaka dama, a ga waya ba ta ja ba, ba ta kuma taɓa taya ba. In waya ce ta tsinke, kada a yarda da murɗawa da naɗa tef. A yi mata dalma a rufe yadda ruwa ba zai shiga ba, mafi kyau ma a sake guntun gaba ɗaya.

A mai da taya, a ɗaure notuna ana tsallake ɗaya, a sauke mota a ƙara ɗaurewa. A mai da kan batir, a goge tsohuwar lamba da sikana, a gwada motar a hanyar da ba mutane.

Ga masu shirin sayen mota

In aka murɗa makulli, fitilar ABS dole ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila wani ya cire ƙwanta ko ya rufe ta daga ciki domin ya ɓoye ciwo. Ku gwada wannan kafin ku biya ko kwabo. In kuwa mu ne masu sayarwa, mai bi ba ya yin haka. Wanda zai sayi motar zai sa iyalinsa a ciki.

Kalma ta ƙarshe

A littafin Ezekiyel sura 33 an ba da misalin mai tsaro a kan garu, da alhakin da yake wuyansa in ya yi shiru, da alhakin da yake wuyan mutane in ya busa ƙaho suka ƙi ji. Muna ba ku shawara ku karanta surar tare da iyali a sujadar yamma. Mu dai namu mai tsaron ya yi wata biyu yana busa, mu ne muka toshe kunne. Da yaron nan mai shanu ya mutu, ba za mu iya cewa ba a faɗa mana ba.

Haka yake a cikin gida. Yaron da ya yi shiru ba yadda ya saba ba, matar da ta daina dariya, lamirin da yake sukarmu a kan wani abu, duk fitilu ne. Kada mu manna musu tef, kada kuma mu yi gaggawar ɗora laifi a kan wanda ya fi kusa. Mu zauna mu tambaya, mu bi wayar har mu kai inda ta goge.

Dattawan Ekklisiya, muna roƙonku ku sa littafi guda a cikin motarku, direba ya riƙa rubuta ranar da kowace fitila ta kama, a karanta shi a taron kwamiti. Wanda yake da tambaya ya rubuto ta hannun Edita. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba man birki da lokacin da ya kamata a canja shi. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku, ya kiyaye fitarku da shigarku.